Yara Bakwai a Cikin Gilashi

Ruwan sama ne ya koro ni shagon Mista Ollerton,
a wani lungu na Lancaster mai warin tsohuwar takarda.
Ban zo sayen komai ba. Lemata ce ta karye.

Can bayan wani agogo da ya gaji da ƙirga
na hango su, yara bakwai a cikin gilashi,
zanen tawada, gefensa kamar an ɗiga masa shayi.
Ɗaya na kora gare da sanda,
ɗaya na hura kumfar sabulu ta bakin tsinke,
wata an ɗaure mata ido, tana laluben iska,
autansu ya durƙusa gaban koɗinsa da bulala.

Tsohon ya gyara tabarau, ya ce:
"Wannan ba wasa ba ne, wa'azi ne.
Kumfa rai ce, yanzun nan ta fashe.
Koɗi ɗan Adam ne, ba ya miƙewa sai da duka.
Mai gare kuwa, abin da yake kora shi ke jansa."

Na gyaɗa kai don ladabi.
Amma ni na san gare.
Na san kukan ƙarfen keke a kan tsakuwa
daga ƙofar gidanmu a Tsafe har gindin tsamiyar maƙera,
ni da Barau, ƙafa ba takalmi,
ba wanda ya gaya mana karin magana ne mu.
In ya faɗi, mu ɗaga.
In ya faɗa kwata, mu wanke.

Bana shekarar Barau tara a ƙasa.
Kan batun kumfa, tsohon bai yi ƙarya ba.

Sai dai sake duban yaron nan, Mista Ollerton:
kumatunsa cike suke taf.
Shekara ɗari biyu yana hurawa,
wadda ta fashe ba ta dame shi ba,
ta gaba yake haɗawa.
Mai zanen gargaɗi ya zo yi mana,
hannunsa ya ci amanarsa, ya zana murna.

Fam goma sha biyu, in ji shi.
Na taya takwas, ya yi dariya, ya sallama a goma.

Na cusa su cikin kwat, su bakwai ɗin,
na faɗa cikin ruwan da gudu kada su jiƙe.
Titin ya gangara wajen kogi,
sai na ji hannuna na dama
yana neman sanda.