Tsakanin Dala da Dala

Malama Zuwaira ta kawo kundinta a leda,
shafi ɗari da sittin, rubutun hannu,
da tabon shayi a babi na uku.
Ta ce, "Nafi'u, Litinin zan tsaya gaban farfesoshi."

Shagona a Kabuga yake,
tsakanin mai awara da mai gyaran waya.
Ni lissafina bai wuce na canji ba,
amma na san inda kowace alama take kwana.

Ba na zana komai, umarni nake rubutawa:
sanda mai jingina da baya, sai kalma,
baka ya buɗe, baka ya rufe,
na sama ya hau, na ƙasa ya durƙusa,
in kulle kowane lissafi tsakanin dala da dala.
Ba wadda ake hawa a hango gari ba,
ba kuma ta 'yan Wapa ba.
Na buga ta sau dubu a wannan makon,
da naira za a biya ni, ita ma sai an ja.

Kakana a Soron Ɗinki ya tsufa.
Yakan juya riga ya nuna mini cikinta,
ƙulli kan ƙulli, zare a hargitse.
"Nan nake zaune," in ji shi,
"aska takwas ta masu kallo ce."

Daren Asabar na ce wa na'ura ta haɗa.
Ta ƙi.
Jan rubutu: layi na ɗari tara da sha huɗu.
Na je layin, lafiyarsa ƙalau.
Ashe ɓarnar tana can baya,
wani baka ne da na buɗe ran Laraba,
aka kira la'asar, na tashi,
ban dawo kansa ba.
Kwana uku yana hamma,
ya haɗiye duk abin da ya biyo shi.

Na rufe masa baki.
Janareta ya yi tari, ya ci gaba.
Sai ga shafi fes,
doguwar alama mai wuyan zalɓe
ta tsaya a bakin lambobi kamar a gefen tafki.

Lahadi ta zo, ana yayyafi.
Ta bi layi da yatsa, ta bi, ta bi,
sai yatsan ya tsaya.
Ta zaro nata rubutun, ta kara.
"Ba kai ba ne," ta ce. "Ni ce.
Ragewa ce nan, na sa tarawa.
Shekara biyu tana ɓoye cikin tawadata."

Na matsa mata kujera.
Mai awara ta sake ɗora mai.