Abin da Mudansir Ya Tura Mini

Ɗari uku na miƙa wa Mudansir
a rumfarsa ta bakin Ƙofar Mata,
na ce cika mini wayar nan, kada ka bar gurbi.
Ya ce, "Baba tela, na tsoro ko na faɗa?"
Na ce haɗa duka, baƙo ba ya zaɓen miya.

Na tsoron na fara, daren Talata,
bayan na kashe wuyan kaftani na ƙarshe.
Gida ne a tsakiyar daji, babu maƙwabci,
ƙofa na buɗe kanta, kujera na tafiya,
matar gidan ta ɗauki tocila ita kaɗai
tana tambayar duhu wai wane ne.
Haba baiwar Allah, duhu ake yi wa sallama?
A Fagge ko kwano ne ya faɗi tsakar dare
kafin ka yi a'uziyya layi ya cika da gora,
Tabawa mai ƙosai ta kai labarin Kantin Kwari,
aljanin da kansa zai fito neman sulhu.
Mu takwas ke kwana a ɗaki biyu,
fatalwa ta zo, ina za ta ajiye ƙafa?

Amma kada in yi ƙarya.
Akwai wani tsoho a ciki, ba ya ƙifta ido.
Da aka ɗauke wuta
babbar rigar Alhaji Rufa'i da na rataye a ƙusa
ta juyo ta dube ni.
Ni na yanke ta, ni na ɗinke ta,
duk da haka a bakin ƙofa na yi alwala.

Na 'yan Caina kuwa, a nan aka same ni.
Mutum ya taka ganyen gora bai lanƙwasa ba,
ya tsallake kogi kamar mai tsallake kwata,
a yi awa guda ana sara da suka
hammatar rigarsa ko zare bai saki ba.
Kowa na kallon takobi, ni ina kallon ɗinki.
Wa ya yi wannan aiki? A gaishe shi.
Ga mai fassara ya ba janar ɗinsu bakin Kano:
"Yaro, yau za ka yaba wa aya zaƙinta!"
Ga tsohon malami da ƙaramin kofin shayi,
shekara uku yana sa ɗalibi ɗibar ruwa
bai koya masa naushi ko ɗaya ba.
Marigayi Malam Ɗantala ke nan, sak.
Shekara biyu maɓalli da guga kawai na sani
kafin ya bar ni in taɓa almakashi.
Laifinsu ɗaya, ramuwar gayya kashi sittin,
an kashe uba a na farko,
ɗan yana ta shan shayi har na arba'in.

Sai waƙoƙin da ya cusa mini kyauta.
Murya ta bi ta inji ta fito siririya
kamar sauro a cikin kwalba,
wannan zuciyata, wancan zuciyata,
anya babu mai hanta a garin nan?
Kiɗa ɗaya ne daga adaidaita zuwa gidan biki,
suna kawai ake sauyawa.
Haka na faɗa wa Nazifi yarona, da babbar murya.
Ya yi shiru yana murmushi, yana kallon ƙasa.
Ashe ƙafata ce a kan keken ɗinki
take bin gangar tun ɗazu,
har na wuce alli da rabin taƙi.

Jiya na koma wajen Mudansir.
Na ce goge na tsoron, ƙaro na Caina.
Ya ce, "Waƙoƙin fa, Baba?"
Na ce bar su, yaran shago ne ke so.