Wayar Dhanbir

Daga Katar Dhanbir ya aiko ta,
naɗe cikin safa, a jakar wani ɗan ƙauyenmu.
Gumin wata biyu
ga shi a tafin hannuna, ba nauyi.

Rediyona ni na saya a kasuwar Charikot
da kuɗin ɗan akuya.
In ya yi gardama sai ya sha ranƙwashi.
Ya san hannuna.

Ita kuwa tana alkuki, gefen fitila,
baƙuwar da ban san cimarta ba.
Kore, amsa. Ja, ajiye.
Iyakar abin da ya nuna mini ke nan.

Sarmila ta ce, "Kaka, tana ɗaukar hoto fa."
Na ce mayar, ba tamu ba ce tukuna.

Ran Asabar ta suɓuce daga zanina
ta faɗa kan dutsen niƙa.
Fuskarta ta tsage. Ban ci tuwo ba.

Da safe na soke ta a ƙugu, na hau gonar tudu.
Ni na kira, karon farko.
"Inna, lafiya?"
Na ce yi shiru, saurara,
baunarka ce ta haihu.