Jan Fenti

Ran Talata sunka zo da safe,
mutum huɗu, da igiyar awo da sandar ƙarfe,
na'ura mai ƙafa uku sunka kafe,
ɗaya na leƙe, ɗaya na rubutu a gefe.
Ni ina tsugune, na tsoma robar taya a ruwa,
ina jiran kumfa ta nuna min inda ta huje.
Ko da na ɗaga kai, ga jan fenti
a bangon shagona, kamar an yanka zakara.

Wai tarago za a kawo, mai cin lantarki,
a ware mashi tsakiyar titi shi kaɗai,
shinge dama, shinge hagu,
daga Rijiyar Ɗorowa har bakin kasuwa.

Arzika mai shayi ya fara: "To bencina fa?
Dogonyaron ga, baba ya dasa shi
shekarar da anka haife ni.
In sun sare shi, ranar Sakkwato
da wa za ta yi shawara kafin ta soya mu?"

Inna Tumba ta juya masa a tanda, ba ta ɗago ba:
"Ɗan kabu-kabu ƙamshi ka tsai da shi.
Shi wanga, yana da hanci?"

Nomau ya sauke albasar Kware, ya share goshi:
"Amalena bai yi boko ba,
ja da kore duk ɗaya garai.
In ƙafatai ta faɗa ramin dogo, wa ka biya na?"
Wani daga baya ya ce, "Wutar da ta kasa juya fanka,
ita za ta ja mutum ɗari?"
Munka yi dariya har da tari.

Liman Sahabi bai yi ba.
"Masallaci na nan, maƙabarta na ƙetare.
Taku talatin muke yi da makara.
Yanzu sai mun zagaya ta shataletale,
da mamaci a kafaɗa, da azahar?"
Babu wanda ya tanka. Butar Arzika ta tafasa ta zube.

Ran Asabar anka tara mu a firamare.
Injiniyan yaro ne mai ladabi,
ya rusuna ya gaishe mu, ya buɗe hoto.
Titin cikin hoton sumul, ba jaki, ba baro, ba kwata,
mutanen ciki ba sa zufa.
Na bi da yatsa ina neman shagona,
na iske tukunyar fure.

Da dare na kai ƙara gida, ina jiran a taya ni.
Luba ta aje littafin jinya, ta janye zane kaɗan:
tabon salansa uku a ƙwauri, ɗaya bai warke ba.
"Baba, rabin kuɗin makaranta kan babur yake ƙarewa.
Kuma ka tuna Ige, da farantin gyaɗarta,
da tirelar da ba ta tsaya ba?
Ni dai ina son shi."

Tuwon ya tsaya min a wuya.
Don akwai abin da ban faɗa wa injiniya ba,
ban faɗa wa Liman ba:
shekara ashirin da biyu ramukan titin ga ka ciyar da ni,
kowace ƙusa da ta kwanta a kwalta, cefanena ce.
Ƙafar ƙarfe ba ta faci.

Bayan asuba na auna da tafin ƙafata.
Daga jan fenti zuwa bangon baya, taku huɗu.
Injin iska zai shiga, ni zan zauna waje.

Gobe zan koma wurin yaron nan mai hoto.
Ba zan yi zancen shago ba, kunya nake ji.
Zan ce a bar ƙofa daidai faɗin makara,
a bar iccen Arzika in da hali,
in tambaye shi kuma, a hankali, kar Tumba ta jiya:
shi taragon ga, in ya ƙi tafiya,
wa ka koya wa tsoho gyaran shi?