Kwanan da Cima Ba Ta Ci Ba

An ɗauke wuta a unguwar Zariya tun la'asar.
Ina kan tabarma, na'ura bisa cinya,
batir yana faɗa mini sauran ransa:
awa ɗaya da minti goma sha bakwai.
Shi ma tazara yake ƙirgawa, kuma na san shi da ƙarya.

Asusun mata masu ƙuli ne ya ba ni aikin.
A ɗauki jaka ashirin, a auno gyaɗa a Tibiri,
a biya bayan wata.
Bayan wata: haka takarda ta ce,
haka na zuba a rumbun bayanai,
a gurbin da ba ya riƙe rana, ba ya riƙe ƙarfe nawa,
sai tsawon abin da ke tsakani.

Rumbun nan hankalin tsohuwar 'yar kasuwa gare shi.
Ƙulli uku yake yi a bakin zane,
watanni daban, kwanaki daban, daƙiƙoƙi daban,
ba ya canjin wannan da wancan
sai ka gaya masa daga wace rana za a tashi.
Ni na kwance ƙullin.
Da na ɗebo tazarar zuwa cikin manhajata,
harshen da nake rubutu da shi ya ce bai san wata ba,
kwana ya sani.
Na ce to, talatin.
Layi guda. Ko shayina bai huce ba.

Cima ta karɓa ran biyar ga watan goma,
ta kawo ran biyar ga na sha ɗaya,
kuɗin a jere, da ƙanshin mai a jikinsu.
Na'ura ta ce ta makara da kwana ɗaya,
tara dala ɗari.
Ta biya, don ba ta musu a gaban mutane.
Da yamma sai ga ta a ƙofarmu, ta taho a ƙasa daga Bagalam:
"Ɗiyar nan, nuna mini kwanan da na ci.
In na ci shi, ai zan ji shi a ciki."

Ban da abin nunawa.
Watan goma talatin da ɗaya ne, ko ɗan lakwal ya sani.

Tun daren nan nake gwaji kamar mai bin sawun akuya.
Talatin da ɗaya ga watan fari, ƙara wata:
ashirin da takwas ga na biyu.
Cire watan, ka koma gida:
ashirin da takwas ga na fari.
Kwana uku sun faɗi a hanya,
ba wanda ya ji ƙararsu.
Inna kuma, da na ba ta labari, dariya ta yi.
Ita nata watan sai ya tsaya take yarda da shi.

Na goge layin.
Yanzu rumbu ke haɗa ranar karɓa da tazara,
ya ba ni ranar biya, in ajiye ta, in buga ta a takarda
da manyan lambobi, yadda mai ido ɗaya ma zai gani.
Na binciko waɗanda talatin ɗina ya cuta:
mata goma sha uku, har da Habsu mai tuya a bakin tasha.
Gobe magatakarda Jadi zai bi su da dala ɗari ɗari.
Na ga kuma na watan biyu, da na ba kyautar kwana biyu.
Su ba wadda ta zo ƙofarmu.

Batir ya ce saura minti tara.
Kafin in gama karantawa ya mutu.
Na fito tsakar gida.
Wata yana bisa bedi, ɓari guda,
ban san kwanansa nawa ba
sai da na tambayi Inna.