Kunnen Malam Ilu

Ƙarfe biyun dare a Hindawiyya,
Jidda ta yi tsit, sai na'urar sanyi ke nishi a taga.
Ya taɓa kafaɗata: "Huwaila, kin ji?"
Ban ji komai ba.
"Akwai mai shan ruwanmu, bai yi sallama ba."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin bututu a gidajen mutane,
jakar sifana a kafaɗa, gwiwa a kan tayil,
har yanar ido ta sauke masa labule.
Ido ya tafi, kunne ya ci gado.
Yanzu ni ce hannunsa, ni da ban taɓa ɗaure noti ba.

Na ɗauki tocila.
"Rufe kowane famfo," in ji shi daga kan gado,
"ki sauka ƙasan bene, ki haska mita.
In allura ta tsaya, ni ne na tsufa.
In tana tafiya, ko da tafiyar hawainiya ce,
to, da ɓarawo muke kwana."
Na sauka, na haska.
Tana tafiya.

Na leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na shafa gwiwar bututu, a bushe.
Na bi bayan injin wanki,
inda tiyo ya taɓa kumbura kamar cikin ƙwaɗo
ya fashe mana ana gobe Salla;
tun ranar nake kashe masa famfo in na gama.
Na duba gindin hita ko tsatsa ta yi hawaye.
Na hau soro da zanen barcina,
ƙwallon tanki yana zaune a kan ruwa lafiya lau.
Na dawo ina haki. "Malam, babu."

Ya yi dariyar nan tasa ta cikin hanci.
"Akwai sauran zoɓo a firji?"
Na ce, "Yanzu? A daren nan?"
"Ba ni zan sha ba. Zuba a tankin masai, kada ki ja,
ki zo ki zauna."

Muka zauna.
Ya ce, "Ruwan garin nan ba kyautar rijiya ba ne.
Teku aka tatsa, aka raba shi da gishirinsa da ƙyar.
Kin manta layin wayit a wancan bazara,
Tanimu tsaye tun asuba da takarda a hannu,
mu kuma muna alwala da kofin shayi?
An ce da yayyafi kogi kan cika.
Ba a faɗi sauran ba:
da ɗigo tanki kan ƙare."

Da na koma, kwanon masai ya yi ja-ja,
babu wanda ya taɓa shi.
Ashe wata 'yar roba ce, ba ta kai tafin hannun jariri ba,
ta taurare, ta daina rufe baki.

Da safe na saye ta riyal biyar a shagon Bayamale.
Malam na tsaye a ƙofar bayi yana ba da umarni:
"Kashe ruwan tukuna.
Kada ki matse da fushi, zaren noti ba ya son gardama.
In ya ce ya isa, ya isa."
Farcena guda ya karye. Na sa ta.

Daren nan ya kasa kunne ya daɗe.
"Wannan ɗis-ɗis ɗin fa?"
"Na na'urar sanyi ne, na tara masa bokiti,
na'ana'ata ke sha."
Ya ce, "Wannan halal ne,"
ya juya, ya yi barci.

Ni ce ban runtsa ba.
A saman kanmu, a gidan Ummu Rayyan,
wani abu yana tsiyaya siriri cikin bango.
Gobe zan hau da kofin zoɓo.