Ƙofa Ta San Shi

Ran da muka buɗe jakar Baba
mun tarar da hula biyu, da ɓarin goro ya bushe,
da rasit na gyaran babur tun na bara,
sai ɗan abin nan da yake ratayawa a wuya,
baƙi, bai kai kwalin ashana ba,
igiyarsa ta sha gumi har ta koɗe.

Inna kan tsokane shi: Malam Tanimu, layar zamani?
Sai ya ce, ai laya ce,
ita ma a ɗinke take, ba a leƙa cikinta.
Shekara tara, kullum da sassafe daga Lugbe,
sai ya shafa ƙirji ya ji tana nan
kafin ya laluba kuɗin mota.

Ofis suka aiko a mayar, wai kayan gwamnati ne.
Ni aka tura, ranar Talata.

Na tsaya bakin ƙofar gilashi
ina duba wanda zan yi wa sallama.
Ban ɗaga hannu ba,
ban ma fito da abin daga jaka ba.
Sai wata 'yar tsuwwa kamar ta ɗan tsako,
jar fitila ta koma koriya,
ƙofa ta ja da baya da ladabi.
Allo ya kawo sunansa cikakke,
da hotonsa tun gemu bai fara furfura ba,
da lokaci: tara da minti goma sha biyu.

Ya makara.
Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa makarar da shi ba,
yau na sa an rubuta masa.

Davou mai gadi ya miƙe da fara'a,
gaisuwa ta riga ta zo masa baki,
sai ya gan ni.
Ya cire hula, ya rasa inda zai ajiye ta.

A hawa na uku wata mata mai tabarau
ta ɗora abin a kan tebur, kusa da injinta,
suka yi magana ba waya, ba murya.
Ta ce takardun aiki sun kwashe,
amma akwai wani lungu nasa na kansa
da ba ya buɗuwa sai da yatsansa,
babban yatsan dama.

Na san yatsan.
Da shi yake ɓare mini lemo,
akwai tabon wuƙa a gefen farcen.
Yana maƙabartar Gudu yanzu,
jar ƙasa ta rufe makullin da mai shi.

Me ka adana, Baba?
Takardar filin Karshi da muka birkice gida nema?
Sunayen masu binka, ko waɗanda kake bi
ka ji nauyin tambaya?
Ko muryata ce ina 'yar shekara biyar ina karanta Fatiha
ina tsallake aya?

Ta ce ƙa'ida a goge.
Na sa hannu inda ta nuna.
Shayin da aka kawo mini bai huce ba ta ce an gama.
Igiyar kawai na roƙa, ta ba ni.

Da na sauko, ƙofa ta tsaya ƙiƙam,
fitila ja, ba tsuwwa.
Na ga fuskata cikin gilashi,
hancinsa, goshinsa, har yadda yake karkata kai,
duk ba su ishe ta shaida ba.

Davou ne ya zo a hankali
ya kara nasa,
ya riƙe mini ƙofar da ba ta buƙatar riƙo.